Gwaggo, An Zage Ni a Zauren Wasa, An Kuma Ce In Biya Kuɗin Riguna

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗaliba ce, shekarata 21, muna zaune a Kaduna. Ƙarshen mako da lokacin Sallah ina aikin zaunar da 'yan kallo a wani zaure da ake wasan daɓe, ana ba ni naira 5,000 duk dare. Ranar uku ga Sallah zauren ya cika maƙil, har tikitin da aka sayar ya fi kujerun yawa. Wani Alhaji ya zo a makare, ya jawo kujerar roba ya dasa a tsakiyar hanya, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Na haska shi da tocila na ce ya tashi, an hana zama a hanya da ɗaukar bidiyo. Ya miƙe ya zage ni tas a gaban mutane, ya ce ba ni da tarbiyya. Da aka tashi, manaja ya ce in tsaya a teburin da ake sayar da riguna da huluna masu hoton wasan, ni kaɗai. Mutane suka yi mini caa, wasu na miƙo kuɗi, wasu na nuna alat a waya. Riga biyu kuma ni na ba wani da ya ce shi ƙanin darakta ne, zai turo daga baya. Da aka yi lissafi an rasa naira 23,000, manaja ya ce a ladana zai cire. Ashe kuma Alhajin abokin kasuwancin Babana ne, ya kai ƙarata gida, yanzu Baba ya ce in bar aikin. Gwaggo, da kuɗin nan nake sayen littattafai, kuma burina wata rana in rubuta wasan kaina. Yaya zan yi?

'Yarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata.

Share hawayenki tukuna. A dare ɗaya aka ɗora miki kayan mutum uku, na mai sayar da tikiti da na manaja da na ma'aji, aka yanka miki ladan mutum ɗaya, sannan aka dawo ana neman karɓe miki na dare huɗu da ɗoriya. Cikin kayan nan akwai ɗan ƙullin da yake naki, kuma zan nuna miki shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sauran kuwa sai ki sauke, ki mayar wa masu shi.

Kujerar nan da aka dasa a hanya, kin yi daidai da kika ce a ɗauke ta. Ko gobe aka sake, ki sake faɗa. Hanyar da ke tsakanin layukan kujeru ita ce ran duk wanda ke cikin zauren, kuma mu a arewa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu cikin kusan 600 da suka shiga kallo. A Shikago ta Amurka, a Disambar 1903, wani gidan wasa ya kama da wuta alhali an cika shi fiye da kima, wasu na tsaye, wasu na zaune a kan hanyoyin wucewa, ƙofofi kuma wasu a rufe, aka rasa rai kusan 600. In wuta ta ɗauke ko hayaƙi ya turnuƙe, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Kujerar roba ɗaya ta isa ta kayar da na gaba, na baya su hau kansa. Mai zaunar da jama'a da ya san aikinsa, idonsa ɗaya na kan ƙofa ko da yaushe. Don haka kada wani ya sa ki ji kamar kin yi shisshigi.

To amma tocilar, 'yata. Nan ne ƙullinki yake.

Ki duba abin ta idon Alhajin. Mu mun tashi ne da kallon dandali. A filin dambe ko kokawa, a gaban makaɗi, a wajen tashe, ba a san lambar kujera ba. Babba ya iso, sai yara su matsa, a shimfiɗa masa tabarma a gaba, kuma wanda ya matsa ɗin ma yana jin ya yi abin kirki. Zauren tikiti wata al'ada ce dabam da ta zo daga baya, inda kujera ta mai lamba ce ko da ɗan shekara goma ne. Mutumin nan ya biya kuɗinsa, ya shigo bai sami wurin zama ba, ya yi abin da ya saba, sai ga haske a fuskarsa, ga muryar yarinya sa'ar 'yarsa tana ba shi umarni, jama'a kuma sun juyo. Zagin da ya yi miki ba daidai ba ne, babba ba ya haka. Amma daga lokacin da hasken nan ya sauka a fuskarsa, ya daina tunanin kujera, ya koma kare girmansa, kuma mutumin da ke kare girmansa a gaban jama'a ba ya jin magana.

Ina 'yar budurwa akwai wani dattijo da ke tsaron zauren da muke zuwa kallo, har yau ina tuna yadda yake yi. Tocilarsa ƙasa take kallo, takalma kawai take haskawa. In zai tayar da mutum, sai ya zagayo ta gefensa, ya rusuna har kansa ya yi ƙasa da kafaɗar mutumin, ya gaishe shi tukuna. Sai ka ji ya yi raɗa: "Ranka ya daɗe, nan za a riƙa bangazarka, na samar maka wuri can gefe inda iska ke shigowa." Mutum ya miƙe yana gyara babbar riga, na kusa da shi su ɗauka karrama shi aka yi. Dattijon nan ba ya zuwa hannu wofi, sai ya tanadi inda zai kai mutum kafin ya ce masa ya tashi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in kuma an haɗa biyun ai magana ta ƙare. Da kin rusuna kin ce, "Baba, barka da Sallah, don Allah zo in kai ka inda za ka fi sakewa," da wuya ki sha abin da kika sha. Ki nemi a riƙa ajiye kujeru huɗu ko biyar a bayan zaure kusa da ƙofa domin masu zuwa a makare. A manyan gidajen wasa na Landan da New York ma, wanda ya makara a waje yake jira sai an sami giɓi a wasan kafin a shigar da shi, komai tsadar tikitinsa.

Maganar ɗaukar bidiyo kuwa bai kamata a fara jin ta daga bakinki ba. Mai gabatarwa ne zai tsaya a kan dandamali kafin a kashe fitila ya sanar, da Hausa da Turanci, a kuma rubuta a jikin tikiti da bakin ƙofa. In an yi haka, ke tuni kawai za ki yi. Dalilin hanin ma a bayyane yake: 'yan wasan sun yi makonni suna atisaye, in wasan ya bazu a TikTok da WhatsApp a daren farko, wa zai sayi tikitin dare na biyu? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa. Amma ba a tsakiyar duhu za ki karanta wa dattijo doka ba. Ki faɗa sau ɗaya cikin ladabi, ki maimaita sau ɗaya, in ya ƙi ki ja da baya ki kira na sama da ke. Da zarar an fara zagi, aikinki a wurin ya ƙare, na manaja ya fara. Ina yake a daren nan lokacin da ake zazzaga miki? Wannan tambaya ce da ya kamata ya amsa.

Ƙorafin 'yan kallo ba zai ƙare ba muddin kina wannan aiki: zafi, lasifikar da ke ƙara, wasan da aka ce ƙarfe bakwai aka fara tara, kujera ɗaya tikiti biyu. Kuma ruwa ba ya tsami banza, yawancinsu suna da gaskiya. Ke suke gani sanye da rigar wurin, don haka a kanki za su sauke. Kada ki ce "ba laifina ba ne", wannan kalma man fetur ce. Kada kuma ki yi alkawarin mayar da kuɗi, tunda ba ke ke riƙe da aljihun ba. Ki saurara har mutum ya kai aya, ki ce "ka yi haƙuri, gaskiya bai kamata ba", ki ciro ɗan littafi ki rubuta lambar tikitinsa da abin da ya faru a gabansa. Rubutun nan yana sanyaya zuciya fiye da yadda kike zato, domin mutum ya ga maganarsa ba ta bi iska ba. Wanda ya biya bai sami kujera ba yana da haƙƙin neman kuɗinsa, dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar gwamnatin tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ke aiki da ita tana bayansa, kuma wanda ya karɓi kuɗin shi zai amsa. Sayar da tikitin da ya fi kujeru yawa shi ne tushen duk abin da ya same ki a daren nan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu teburin. Kafin kuɗi, ina son in san inda aka ajiye shi, domin na ga wurare da yawa suna kafa shi a bakin ƙofar fita, wai don kada kowa ya wuce bai gani ba. A garin Sandalan na Ingila, a Yunin 1883, an gama wani wasan yara aka ce za a raba kyaututtuka. Yaran da ke saman bene suka rugo, suka tarar da ƙofar da aka saƙale ta bar 'yar kafa da mutum ɗaya kawai zai iya bi, yara 183 suka mutu a matsi. Ba wuta, ba komai, ɗokin abin da za a samu bayan wasa ne kawai. Daga irin wannan musiba aka fara tilasta ƙofofin da ke buɗewa waje da turi ɗaya. Teburin kaya wurinsa farfajiya, can gefe, inda masu saye za su yi layi ba tare da sun tare masu fita ba.

Cinikin bayan wasa kuwa minti goma ne zuwa sha biyar, kuma a cikinsa kowa jikinsa na rawa. Wasan ya shige shi, yana son ya tafi gida da wani abu a hannu, yaro na jan rigar uwarsa yana nuna hula hana-sallah, mai adaidaita na jira a waje. Mutum ɗaya ba zai iya karɓar kuɗi, ya nemo canji, ya duba alat, ya zaro riga daidai jikin mai saye, ya kuma sa ido a kan hannuwa ashirin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar kasuwa ranar jajibiri ya san haka. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kaya. A kan tebur samfuri ɗaya-ɗaya kawai, sauran a buhu a bayanku. Farashi a rubuce ɓaro-ɓaro a kwali, don kada a tsaya ciniki. A buɗe teburin tun kafin a fara wasa da lokacin hutun tsakiya, cunkoson ƙarshe zai ragu.

Sai tiransifa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma turawa ta waya, macuta ma suka koma can. Hoton rasit da ake nuna miki a fuskar waya ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Kuɗi shi ne abin da kika gani ya shiga a manhajar asusun da aka tura wa. To asusun wa aka yi amfani da shi a daren nan? In na manaja ne kuma wayar na aljihunsa, ta yaya za ki tabbatar? An sa ki cinikin biri a sama, sannan an ce ki biya da birin ya tsere. Ki nemi a kawo na'urar POS, ko a ba mai karɓar kuɗi wayar da alat ke shiga. Kada kuma ki yarda a yi amfani da asusunki na kanki, ko da an ce na dare ɗaya ne.

Riguna biyun da kika ba "ƙanin darakta", wannan ma naki ne. Na san abin da ya sa, kunya ce, da tsoron kada ya zama gaskiya ki ɓata wa darakta. Amma kayan amana ba a ba da su bashi sai da izinin mai su. Nan gaba amsar guda ce: "Yallaɓai, ka sa darakta ya turo ko ya rubuto, in ba ka yanzu." Ɗan uwa na gaskiya ba zai ji haushi ba. Ki je wurin darakta ki kwatanta masa mutumin. In ƙaninsa ne, an huta. In ba shi ba ne, ki ɗauki kuɗin riguna biyun a wuyanki, ki roƙi a riƙa cira kaɗan-kaɗan.

Ragowar kuɗin kuwa kada ki amsa shi da sauri. Ki sami manaja ranar da ba wasa, ba a gaban yaransa ba, ki tafi da ɗaya daga cikin manyan 'yan ƙungiyar wanda yake jin nauyinsa. Ki gaishe shi, ki fara da amsa laifin riguna biyun da bakinki, domin wanda ya fara faɗin nasa ya fi samun kunne. Sannan ki tambaye shi a hankali: riga nawa da hula nawa aka damƙa mini, wa ya ƙirga, a gaban wa, ina aka rubuta? In ba a ƙirga a gabanki ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa a hannunki suka salwanta. Wataƙila tun a wurin mai buga hoto aka kawo su ba cika, wataƙila 'yan wasa sun ɗauki nasu a bayan fage. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 5, ba ta bar mai aiki ya yanki ladan ma'aikaci yadda ya ga dama ba. Ko asarar ta sakaci ce, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma a cire abin da ya dace. Malaman fiƙihu ma sun yi bayanin cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar da aka yi masa. Ki san wannan a ranki don ki tsaya da ƙafarki, amma kada ki shiga da barazanar kotu. Ke ba takardar ɗaukar aiki gare ki ba, shi kuma gobe zai iya kiran wata. Abin da zai fi cin nasara shi ne ki zo masa da gyara: takarda ɗaya, a rubuta adadin kaya kafin wasa, ku sa hannu ku biyu, a sake ƙirgawa bayan wasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma manaja mai hankali zai ga cewa aljihunsa kike tsarewa. In sauran masu zaunar da jama'a suka goyi bayanki kuka yi magana da murya ɗaya, ya fi.

Baba kuma, kada ki yi jayayya da shi, kada ki saci jiki ki tafi. Abokinsa ya zo har gida ya ce 'yarsa ta ci masa fuska, dole ransa ya sosu, kuma ina kyautata zaton akwai damuwar da ta riga wannan: dawowar dare, da abin da mutane ke faɗa a kan 'ya mace a harkar wasa. Ki bari ya huce kwana biyu. Ki fara da Mama, ko wani kawu ko gwaggo da yake saurara, ki ba su labarin duka, har da tocilar. Sannan ki nemi izini da kanki a raka ki gidan Alhajin, da yayanki ko da Mama. Ki durƙusa ki ce, "Baba, na zo ba da haƙuri, na haska ka a fuska kuma na ɗaga murya, ban kyauta ba. Hanyar ce aka ce mu tsare saboda gudun haɗari, ban iya faɗa ba ne." Kin ba da haƙuri a kan abin da kika yi, ba ki ƙaryata kanki a kan abin da yake daidai ba. Dattijai da yawa in yaro ya zo haka sukan ji nauyin nasu zagin, har ka ji sun koma suna roƙa masa a wurin uba.

In kika koma ga Baba, ki je da amsar damuwarsa a hannu: wanda zai riƙa ɗauko ki, ƙarfe nawa za ki kasance a gida, ko ki taƙaita ga wasannin rana. Ki gayyace shi ya zo ya ga wurin da idonsa. In duk da haka ya ce a'a, ki bi, ki bar ƙofar a buɗe. Burinki na rubutu ba a tocila yake ba. Akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makaranta da ke atisaye da rana, kuma ga Zariya nan kusa da ku, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, da dandalinta na ginin ƙasa a Samaru. Abin da kika gani a daren nan, Alhajin da kujerarsa, hannuwan da suka yi miki caa, ki zauna ki rubuta shi tun yana da ɗumi.

Abu biyu ne za su sa ni da kaina in ce ki bar wurin ko da Baba ya amince: in manaja ya ce zai ci gaba da sayar da tikitin da ya fi kujeru, ko kika ga ana sa kwaɗo a ƙofar baya lokacin wasa don hana masu satar shiga. Ran da za ki koma, ki riga kowa zuwa, ki zagaya ki tura kowace ƙofa da hannunki ki ga ta buɗe. Ki rubuto mini bayan kin ga manajan, ina son in ji ko an taɓa ƙirga rigunan nan.

Gwaggonki